Amsa ga 'yar'uwar da likita ya rubuta wa ɗanta maganin TDAH

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ɗanki mai shekara 8 yana CE1, wato aji uku na firamare, likita ya ce yana da TDAH, wato larurar rashin nutsuwa da kasa zama wuri ɗaya, har ya rubuta masa maganin Ritalin. Maigida yana tsoron kada ya zama ɗan ƙwaya irin masu shan tramol, surukarki kuma ta ce ƙiriniya ce, bulala ce maganinta. Ni ma a Garwa nake, nawa yaron yanzu yana CM2, wato aji shida, kuma yana shan maganin.

Da farko, yaya aka yi binciken? Ba a yanke wannan hukunci da kallo ɗaya. Sai alamun sun kai wata 6, ana ganinsu a gida da makaranta duka, kuma sun fara kafin shekara 12. A duba idonsa da kunnensa da jininsa da barcinsa, don yaron da ba ya jin malam sosai shi ma ba zai zauna ba.

Idan an tabbatar, ni dai ina goyon bayan a gwada. Mutane suna lissafa illar magani, ba sa lissafa ta barin yaro haka. Nawa kullum da shatar bulala a ƙafa yake dawowa, daga boko har allo, littafinsa layi biyu sai zane-zane. Ranar da ya ce min "Mama, ni daƙiƙi ne," ban runtsa ba. Da ya fara sha, na ga ya zauna kan tabarma ya gama lissafinsa bai tashi ba. Maganin ba ya ƙara ƙwaƙwalwa, ba ya warkarwa, yana dai ba shi awa 3 zuwa 4 na nutsuwa, irin mai dogon aiki kuma yakan kai shi yamma. Tarbiyya tana nan a wuyanki: umarni ɗaya a lokaci ɗaya, zama a bencin gaba, yabo da zarar ya yi daidai.

Illa kam akwai. Cin abinci yana raguwa, don haka ina cika masa ciki da kunu da ƙosai kafin ya haɗiya, da dare kuma ya rama. Idan aka ba shi da yamma barci yakan gagara. Likita yana auna nauyinsa da tsayinsa da bugun zuciyarsa, kuma ki faɗa masa idan akwai ciwon zuciya a dangi. In bai karɓe shi ba, ana rage shi ko a tsayar.

Tsoron maigida ba na banza ba ne, mun ga abin da tramol ya yi wa samarinmu. Amma wannan ba danginsa ba ne, kuma da takardar likita kawai ake ba da shi. Ki kulle shi, ki riƙa ba shi da hannunki, kada ki kuskura ki saya a kasuwa. Ki tambayi likita inda za ki riƙa samu ba yankewa, don ba kowane famasi ke da shi ba. Ranar komawa asibiti ku tafi tare da maigida, ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Allah ya ba yaro lafiya.