Amsa ga Hajiyar da ta yi tambaya kan abincin jirgin ruwa

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce ɗanki ya biya muku kuɗin jirgin ruwan yawon shaƙatawa ke da Alhaji, an ce miki abinci a ciki sai kin ture, kina tambaya ko Musulmi zai ci hankalinsa kwance ko ki yi guzuri tun daga nan Legas. Wallahi ina karantawa gabana ya faɗi, don abin da ya ci ni ke nan.

Yawa kam akwai, ba a yi miki ƙarya ba. A can benen sama akwai wurin da kowa ke ɗiba da kansa, tun da sassafe har dare ba ya yankewa: burodi kala-kala, ƙwai, kifi, shinkafa, taliya, fiza, kayan marmari jibgi guda kamar an sauke mota a kasuwar Mile 12. Akwai kuma babban ɗakin cin abinci na dare, inda ake ba ku tebur da lokaci, wasu da magariba wasu bayan isha'i, a kawo muku abinci bi da bi. Waɗannan biyun suna cikin kuɗin tikiti. To amma yawan ba shi ne maganar ba, Hajiya.

Mu daga Basalona ta ƙasar Sifen muka hau. Ejan ɗin da ya yi mana takardu a Ikeja sau nawa na tambaye shi zancen halal, ya dafa ƙirji ya ce in kwantar da hankalina, ya riga ya gaya musu. Daren farko aka kawo mini miyar wake mai zafi, da wasu 'yan jajayen gutsattsari a sama, sai ka rantse soyayyen tattasai ne. Na kai cokali baki ke nan, wani yaro cikin masu hidima, ɗan Indonesiya, ya hango hijabina ya taho da sauri ya sunkuyo ya ce naman alade ne a ciki. Innalillahi. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na shiga banɗaki na yi ta kakarin amai, ina kuka ina wanke baki, maigidana na tsaye a ƙofa yana cewa ai ba da sani na ci ba, Allah ba zai kama ni ba. Na san haka ne, amma zuciya ta ƙi. Daga ranar ko nama na gani sai cikina ya juya, na koma shayi da burodi da ayaba, mutane na wucewa da faranti cike. Ashe akwai gurbin da ake rubuta irin abincin da mutum ke ci tun lokacin yankar tikiti, ejan kuwa ko taɓa shi bai yi ba. Da muka dawo na kira shi ya fi a ƙirga bai ɗauka ba, ranar da na same shi a ofis sai cewa ya yi ai da na ci kifi. Kuɗinsa fa ya karɓa cas! Na bar shi da Allah, amma har gobe in na bi ta layin sai raina ya ɓaci.

Don haka ki sa ɗanki ya rubuta wa kamfanin jirgin da kansa tun da sauran makonni, ya ajiye amsarsu, don ba kowane jirgi ke ɗaukar naman halal ba. Ranar da kuka hau ku nemi shugaban masu hidimar tebur, zai riƙa nuna muku jerin abincin gobe tun yau ku zaɓa. Yaron nan ne ya koya mini, Allah ya saka masa. Shi ya ce in nemi abincin Indiyawa marar nama, ga yaji ga daɗi, da shi na farfaɗo. Ki kula da giya ma, Turawa na zuba ta a miya da kek da kayan zaƙi. A wurin ɗiba kuwa ki sa ido kan cokula, wani zai ɗebi alade ya mayar da cokalin cikin ƙwai.

Guzuri: yaji da garin kwaki a ƙulle su da kyau. Kilishi da dambun nama kar ki wahalar da kanki in ta Turai za ku bi, an hana shiga da nama, a filin jirgi za a ƙwace. Butar dafa ruwa da dutsen guga ma ba a yarda da su a ɗaki ba. Ki riƙe citta saboda jiri.

Sannan ki ja kunnen Alhaji kan katin ɗaki, don a kansa ake ɗora duk abin da aka saya a jirgi. Lemon kwalba da gidajen abinci na musamman, irin na gasasshen nama da na Japanawa, duk kuɗi ne daban, ga kuɗin hidima da ake ɗorawa kowane dare, sai ranar sauka lissafi ya fito.

In tikitin zai canzu, akwai jirgin ruwan AROYA na Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024, abincinsa halal ne, ba a sayar da giya. Daga wane gari naku zai tashi? Ki faɗa mana, kuma don Allah ko ejan ya rantse miki da Alƙur'ani, ki ce sai kin gani a rubuce.