Amsoshin Tambayoyinku: Tsohuwar Fadar Bankok da Masu Tare Baƙo a Bakin Ƙofa

Wasiƙun wannan makon kusan duk Tailan suka nufa. Yawancinsu daga 'yan kasuwa ne masu zuwa sari a Pratunam da Bobae, sai masu rakiyar marasa lafiya, kowa na neman inda zai ɓatar da yinin da ya rage masa kafin ranar jirgi.

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya rubuto: "Kwana ɗaya rak nake da shi a Bankok bayan na gama lodin kaya. An ce akwai Babbar Fada, an kuma ce akwai wata tsohuwar fada da aka mayar gidan tarihi. Wacce ta cancanci kuɗina?"

Alhaji, in tarihi kake son gani, ka nufi Gidan Tarihi na Ƙasa. Asalinsa fadar Wang Na ce, wadda aka gina a 1782, shekarar da Sarki Rama na Ɗaya ya kafa Bankok, domin ƙanensa mai riƙe da sarautar mataimakin sarki. Da mai riƙe da ita na ƙarshe, Yarima Wichaichan, ya rasu a 1885, Sarki Chulalongkorn ya soke sarautar, a 1887 kuma ya sa aka kwaso kayan tarihin da ke Babbar Fada aka zuba a nan. Kai da ka san Gidan Makama ba sai an yi maka dogon bayani ba, sai dai wannan ya fi shi girma nesa ba kusa ba.

Kuɗin shiga Babbar Fada baht 500 ne ga baƙo, ga cunkoso ga zafin rana. Na gidan tarihin bai kai rabin haka ba. Amma ka riƙe cewa ba a buɗe shi Litinin da Talata, kuma da ƙarfe huɗu na yamma ake tashi. Ka fara da rumfar karusan jana'izar sarakuna. Babbar cikinsu a 1795 aka sassaƙa ta, tsayinta ya haura mita 11, nauyinta ya haura tan 13, an lulluɓe ta da ruwan zinare an jera mata 'yan ƙananan gilasai masu walƙiya, kuma mutum fiye da 200 ne ke jan ta da igiya. Har yau tana aiki, don ita aka ja a jana'izar Sarki Bhumibol a Oktoban 2017. Daga nan ka nemi dutse mai rubutu na Sarki Ramkhamhaeng, wanda Yarima Mongkut ya gano a tsohon birnin Sukhothai a 1833 tun kafin ya hau gadon sarauta. Rubutun jikinsa na cewa a 1283 aka ƙirƙiro haruffan ƙasar, ko da yake masana na jayayya kan tsufan dutsen kansa.

Wata Hajiya daga Damagaram, wadda ke jinyar maigidanta a can, ta ce 'yarta na son fita da ita ta sha iska, amma ta ji gidan cike yake da gumaka, zuciyarta ba ta kwanta ba. Tana kuma tambayar wurin salla da abinci.

Hajiya, Allah Ya ba maigida lafiya, Ya ba ki ladan jinya. Damuwarki ta mai kishin addininta ce, kuma na fahimce ta. Hukuncin shiga wurin na malamai ne, ki tambayi wanda kika amince da shi. Abin da zan faɗa miki shi ne yadda wurin yake. Gumakan Buddha suna da yawa, gaskiya ne. Akwai kuma ɗakin ibada guda, Buddhaisawan, inda mutanen ƙasar ke durƙusawa gaban wani gunki da suke girmamawa ƙwarai. Ba wanda zai tilasta miki shiga, ba kuma wanda zai ce ki sunkuya. Kina iya wuce shi ki nufi ɗakunan tufafin sarauta, da kayan kiɗa, da kujerun da ake ɗaurawa a bayan giwa, da Jan Gida, wani gidan katako na yayar Sarki Rama na Ɗaya mai kayan ɗaki irin na matan fada na wancan zamani. Ki sa takalmi mai sauƙin cirewa, don wasu ɗakunan sai an tuɓe. Abayarki da mayafinki sun wadatar, masu gajeren wando da buɗaɗɗiyar kafaɗa ake tsayarwa a irin waɗannan wurare. Masallacin Chakraphong yana unguwar Banglamphu, cikin wani lungu, tafiyar ƙafa ce daga gidan tarihin, kuma akwai Musulmi masu sayar da abinci a kewayen. Kada dai ki ci na bakin titi sai kin ga alamar halal ko kin tabbatar mai dafawa Musulmi ne, don naman alade da kitsensa na shiga girki da yawa a can.

Sai wasiƙar da ta fi tsaya mini a rai. Wani bawan Allah daga Kaduna ya ce abokinsa ya tsegunta masa cewa kusa da fada akwai shagon gwamnati da ke karya farashin yaƙutu na 'yan kwanaki a shekara, ba haraji, in ya saya ya kawo Abuja zai ninka kuɗinsa. Har ya ware wani kaso daga jarinsa, yana tambayar nawa ya kamata ya zuba.

Ko sisi, ɗan'uwana. Gwamnatin Tailan ba ta da wannan shago, ba ta kuma yin wannan rangwame. Damfara ce tsohuwa, ta shekara da shekaru, kuma a bakin waɗannan fadoji ake fara ɗana ta. Kana tafe sai wani mai tsaf-tsaf, da rigarsa a goge, ya tare ka da fara'a, ya ce yau fada a rufe take sai bayan azahar, wai ana wani biki na addini. Ya karɓi taswirarka ya zana maka wuraren da za ka rage lokaci, ya yafito maka tuk-tuk, a-daidaita-sahunsu, a kan kuɗin da ko man tafiyar ba zai saya ba. A nan ya kamata ɗan kasuwa ya farga, banza ba ta kai zomo kasuwa. Direban la'ada yake karɓa a kan duk wanda ya sauke a ƙofar shago. Zai fara kai ka wani ƙaramin wurin ibada, inda wani mutum daban, kamar haɗuwar katsam, zai ba ka labarin yadda yake sayen duwatsu duk shekara yana biya wa 'ya'yansa makaranta da ribar, kuma yau ce ranar ƙarshe. Bakinsu ɗaya da na farkon. Kafin ka isa shagon ka riga ka ji magana ɗaya daga mutum uku, har ka ɗauka bincike ka yi.

A shagon za a ba ka ruwan sanyi, a kunna fitila mai haske a kan farin ƙyalle, a miƙa maka gilashin dubawa wanda ba ka san me za ka nema da shi ba. Dutsen wani lokaci na gaske ne amma na ƙarshen daraja, wani lokaci an cike tsagoginsa da narkakken gilashi, wani lokaci kuma a masana'anta aka haɗa shi. Takardar shaidar da za a ba ka shagon ne ya buga abarsa. Har su ce za su aika maka kayan gida ta gidan waya don kada kwastan su dame ka, alhali so suke ka bar ƙasar ba tare da wani masani ya gani ba.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mutanenmu ba jahilan kasuwa ba ne. Mutumin da zai murza shadda da yatsa ya faɗa maka asalinta, wanda ba ya karɓar buhun shinkafa sai ya soka ya gani, shi ne zai zube jarin shekara a kan hajar da bai taɓa riƙewa ba, don kawai an ce masa yau ce ranar ƙarshe. Ka kuma duba ta wace fuska kasuwar take tafiya. Shuɗin yaƙutun Mambila da sauran duwatsun da ake haƙowa a ƙasarmu, zuwa Bankok da Chanthaburi ake kai su a yanka a goge. Masu wannan sana'a sun shekara suna koyo, suna asara suna tashi, kuma da idonsu suke saye. In da akwai ribar ninki a shagon da direban tuk-tuk ya sani, da sun kwashe kayan tun kafin ka sauka daga jirgi. In har kana son dutse ɗaya don zoben uwargida, ka je shagon da kai ka zaɓa da kanka, ka nemi takardar gwaji daga cibiya mai zaman kanta da ba ta shagon ba, kamar cibiyar GIT ta duwatsu da kayan ado, ka karɓi rasit mai bayanin irin dutsen da nauyinsa da ko an gasa shi da wuta don gyara launinsa. Wanda ya ce maka fada a rufe take, ka gode masa ka ci gaba da tafiya har ka ga ƙofa da idonka. Wanda kuma aka riga aka cuta, ya kira 'yan sandan masu yawon buɗe ido a 1155 tun yana cikin ƙasar. In ya dawo gida, da wuya kuɗin su dawo.

Wani matashi yana tambaya ko zai iya hawa gadon sarautar da ke ciki ya ɗauki bidiyon barkwanci yana kwaikwayon sarkinsu don TikTok.

Yaro, ka shiga taitayinka. Kayan tarihi ba a taɓa su balle a hau. Sashe na 112 na dokar laifuffukan Tailan ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 a kan kowane laifi guda na cin mutuncin sarki, kuma bai ware baƙo ba. Ko takardar kuɗinsu ce iska ta ɗauka kada ka taka ta da ƙafa, hoton sarki ne a jiki. Da kuɗin biza da na jirgi da iyayenka suka haɗa, wannan ne abin da ka ga ya dace ka je yi?

Wata amarya mai haɗa lefen ƙanenta ta tambayi siliki da zinare.

'Yata, silikin da ake tallatawa da araha a bakin wuraren kallo yawancinsa roba ne. Ki nemi tambarin ɗawisu da hukumar ƙasar ke bayarwa: mai ruwan zinare, da na azurfa, da shuɗi duk siliki ne zalla, kore kuwa gauraye ne da wani zare. In mai shago ya yarda, ki zare zare ɗaya a ƙona. Na gaske yana warin ƙonannen gashi ya zama toka, jabu kuwa narkewa yake ya dunƙule. Zinare kuma sai Yaowarat, unguwar Sinawa ta Bankok, inda ake rubuta farashin ranar a jikin gilashin shago, a ƙara kuɗin aiki daban. Nasu kashi 96.5 cikin 100 ne, ya fi wanda muka saba laushi, yana saurin lanƙwasa. Kafin ki tafi ki tambayi mai zinarenki na gida nawa zai karɓe shi in ta kama a sayar.

Mai tambayar fadar katako ta Vimanmek, wadda ya gani a wani tsohon littafin matafiya: tun 2016 aka rufe ta domin gyara. Kada ka sa ta a lissafi, kada kuma ka biya wani ɗan rakiya kuɗin kai ka, sai ka ji daga hukuma cewa an buɗe. In kana da kwana biyu, ka hau jirgin ƙasa zuwa Lopburi ka ga fadar Sarki Narai, wanda ya karɓi jakadun Faransa a 1685, ita ma gidan tarihi ce yanzu. Ka riƙe jakarka da tabaranka da kyau, birran garin suna fizge kaya.