Tambayoyinku kan Fasaha: Jarumin da Ya Fi Mota Girma

Tambaya: Malam, ni da abokaina muna wasan Dungeons & Dragons (wasan da kowa ke zama jarumi a cikin labari) a Roll20, shafin intanet da ake yin irin wasan a kan taswira, wasu a Katsina, ɗaya a Daura. Na ɗauko hoton unguwar Hasumiyar Gobarau daga Google Maps don ya zama filin dagarmu, sai ga jarumina ya fi mota girma, ya tare titi shi kaɗai. Ina mafita? Ɗalibi daga Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Ƙanena, ko ba ka faɗa ba na san abin da ka aikata. Da waya ka ɗauki hoton allo, ka yanke gefe don ya yi kyau, ɗan layin ma'aunin da ke ƙasan taswirar ya tafi, sannan ka ja hoton da yatsa har ya cika shafi. Wannan ɗabi'a ta ishe ni. Kowa na son taswira, ba mai son awo, alhali awon shi ne aikin.

Ajiye wayar nan ka hau kwamfuta. Buɗe Google Earth Pro, manhajar kallon hotunan ƙasa daga sama, kyauta ce tun 2015. Danna U don kallon ya dawo daga sama tsaye, don in ya karkata, mita ɗaya a saman hoto ba za ta yi daidai da ta ƙasansa ba. Danna N, arewa ta koma sama. Sai ka ɗauki rula da ke cikin manhajar ka auna faɗin wurin da kake so, ka rubuta a takarda. A takarda na ce, ba a ka ba.

Sauran lissafin firamare ne. Filin wasanku gida-gida yake kamar na dara, kowane gida ƙafa 5, wato kusan mita 1.5, kuma Roll20 na ba kowane gida fikzil 70 (fikzil su ne ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto). In ka auna mita 60, gida 40 ke nan. 40 sau 70 ya ba ka fikzil 2,800. Adana hoton wurin, buɗe shi a GIMP, manhajar gyaran hoto, yanke shi daidai bakin awonka, ka mayar da faɗinsa 2,800, ka bar alamar sarƙar da ke gefen lambobin a kulle don tsawo ya bi faɗi. Shafin Roll20 ma ka sa shi gida 40.

Zai fito dishi-dishi, kada ka sake rubuto mini. Hoton tauraron ɗan'adam mafi kyau da ake sayarwa, fikzil ɗaya na ɗaukar wajen santimita 30 na ƙasa, gida ɗaya na filin wasanka fikzil 5 ne kacal ka buɗa shi zuwa 70. Ni shimfiɗa nake mayar da hoton, in zana katanga da lungu da bishiya a kansa, in goge shi. Hasumiyar ma daga sama ba ka ganin tsayinta, sai dai inuwa.

Kuma don Allah, da halin tsaron da jiharmu ke ciki, kada ka zana kibiyoyi a kan unguwar mutane, ka rubuta “taswirar yaƙi”, ka ɗora a sitatus. Wanda zai gani bai san wasa kuke ba. Canja sunayen wuraren.

Tambaya: Na tura wa abokina taswira ta WhatsApp, ta isa a dagule. Daga Ƙofar Marusa.

Amsa: WhatsApp na matse hoto. Tura ta a matsayin Document.

Tambaya: Kwamfutata na zafi da ƙara in na buɗe Google Earth. Wata baiwar Allah daga Daura.

Amsa: Hajiya, kashe 3D Buildings da Terrain a jerin hagu. Sannan a sauke ta daga kan katifa, ta ƙasa take shan iska.

Tambaya: Na gama gini bara amma Google na nuna filina fayau. An yi mini kutse ne? Magidanci daga Ƙofar Sauri.

Amsa: Alhaji, ba wanda ya sace gidanka. Ba kai tsaye ake nuno hoton ba, wani ya yi watanni, wani shekaru. Duba ƙasan allo a Google Earth Pro za ka ga ranar da aka ɗauke shi, alamar agogo da ke sama kuma za ta nuna maka na shekarun baya.