Tukunyar gas ko otokilef? Amsa ga masu haɗa agar

Wani ma'aikacin lab daga Pantami a Gombe ya rubuto cewa zai buɗe ƙaramin wurin gwaji, amma kuɗinsa ba su kai na otokilef mai lantarki ba, wato injin da ke kashe ƙwayoyin cuta da tururi. Shin tukunyar girki mai matse tururi za ta iya dafa masa agar, wato abincin da ake renon ƙwayoyin cuta a kansa a lab?

Malam, za ta iya, da sharaɗi. Abin da ke kashe ƙwayoyin cuta har da masu taurin rai shi ne tururi mai zafin digiri 121, a matsin psi 15 (psi ma'aunin matsi ne), na tsawon minti 15. Tafasasshen ruwa a 100 yake tsayawa, bai isa ba. Da yawan tukwanen kasuwa ba sa kaiwa 15 ɗin, don haka ka nemi mai agogon matsi a murfi, kada ka yarda da bakin mai shago kawai. Ka bar tururi ya yi ta fita na 'yan mintuna kafin ka toshe hancinta, domin iskar da ta maƙale a ciki tana hana zafi kaiwa. Ƙirgan lokaci kuwa daga sanda allura ta hau 15 ake fara shi. Murafan kwalabe a sassauta su.

Ni dai a inda wuta ke ɗaukewa ba sallama, na fi natsuwa da mai hawa kan gas. Injin da wuta ta yanke wa aiki a tsakiya sai an koma farko, kuma dafi biyu yana ƙona sukarin da ke cikin agar irin MacConkey, launinsa ya yi duhu. Tef ɗin nan da ake manna wa kaya kafin dafi, mai fitar da baƙin zane, shaida ce kawai cewa kaya sun sha zafi. Duk zubin da ka yi, ka ware farantin agar ɗaya da ba a sa wa komai ba, ka kwanar da shi a digiri 37. In ya wayi gari da tsiron ƙwayoyin cuta, zubin duka ya lalace.

Wata ɗaliba daga Bauchi kuma tana tambaya kan garin agar da ake auna mata a leda da araha, don aikin kammala karatu.

'Yar'uwa, kada ki saya. Garin nan yana zuƙar laima, balle da damina, kuma da zarar ya dunƙule ko ya canja launi, awonsa ya ɓaci. Robar nutrient agar mai giram 500, a kan giram 28 cikin lita guda, tana ba da faranti sama da 700. Ku haɗa kuɗi da 'yan ajinku ku sayi rufaffiya, ta kamfanin Oxoid ko HiMedia, ku duba ranar ƙarewar aiki. Ku dama da tataccen ruwan lab, ban da na burtsatse ko na leda. Sannan ku karanta jikin robar kafin ku ɗora wuta, domin wasu nau'o'in agar irin su XLD da TCBS tafasawa kawai ake yi, otokilef yana lalata su.