Shin Daga Kainji Elektiron Suke Zuwa Ɗakina?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa wutar lantarki tafiyar elektiron ce a cikin waya. To idan na danna makunni, ƙwan fitila na kamawa nan take. Ke nan elektiron ɗin daga tashar wutar Kainji suke gudowa har ɗakina cikin ƙiftawar ido? Daga wani ɗalibin sakandare, Gusau.

Amsa: Ƙanena, Allah ya ƙara basira. A'a, ba daga Kainji suke zuwa ba. Tun kafin ka taɓa makunni suna nan dam a cikin wayar ɗakinka.

Ɓare robar guntuwar waya wadda ba ta jone da komai, ka dubi siraran igiyoyin jan ƙarfen nan. Kowace ƙwayar zarra ta jan ƙarfe tana sakin kusan elektiron ɗaya yana yawo sakaka. Abin da batir ko injin tashar wuta yake kawowa shi ne turi, wanda ake aunawa da bolt. Ka tuna tiyon mai wankin mota idan yana cike da ruwa: ana buɗe famfo, ruwa ya fito ta ɗaya bakin, alhali wanda ya fito tuntuni yana ciki. Turin nan yana ratsa waya da saurin da ya kusa na haske.

Su kuwa elektiron tafiyarsu a hankali take ƙwarai, kuma nan ne ɗalibaina ke buɗe baki. A wayar da masu wayarin ke kira 1.5 (lambar kaurinta ke nan), idan amfiya 1 (ma'aunin yawan wutar da ke gudana) na bi daga batir, sai su yi awa guda cur ba su wuce kimanin santimita 18 ba. Yawansu ne ke yin aikin, domin amfiya 1 na nufin elektiron sama da biliyan biliyan 6 suna gifta wuri ɗaya kowace daƙiƙa.

Wutar gida ma ba ta tafiya gaba kaɗai. Tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, saboda haka elektiron ɗin karkarwa kawai suke yi a inda suke. Sannan a cikin taransfomar unguwarku, naɗin wayar da ke karɓar wuta bai taɓa naɗin da ke fitarwa ba. Maganaɗisu ne ke isar da ƙarfin tsakaninsu.

Amma dole hanya ta zama zagaye cikakke, shi ya sa makunni ke aiki: ɗan giɓi yake buɗewa, komai ya tsaya.

Ka kula a jarrabawa. Kibiyar littafi tana nuna wuta daga alamar tarawa (+) ta batir zuwa ta debewa (-), bisa tsarin da aka gada tun zamanin Benjamin Franklin. Sai a 1897 J.J. Thomson ya gano elektiron, kuma su a cikin waya daga debewa suke nufar tarawa. Idan za ka gwada, yi da batirin cocila da ƙaramin ƙwai, kada ka kusanci soket.