Alhaji, yawan masu waya ba shi ne ciniki ba

Wani Alhaji mai shagon atamfa a kasuwar Garwa ya turo min tambaya. Ɗan ƙanwarsa da ke Duwala ya ce ya kawo sefa miliyan 3 a saya masa hannun jari a wani sabon kamfanin saye da sayarwa ta intanet, wai kamfanin bai fara cin riba ba tukuna amma ai Afirka cike take da matasa, kowa da waya a hannu, nan da shekara 5 kuɗin zai ninka goma. Yana tambaya ya zuba duka ne ko rabi.

Alhaji, wallahi ba duka ko rabi ne ya dame ni ba. Saƙonka mai tsawo ne amma babu inda ka ce ka ga lissafin kamfanin nan da idonka. Kai da ba ka ba mutum turmi goma bashi sai ka san ƙofar gidansu, yau za ka miƙa miliyan 3 saboda an ƙirga maka kawunan mutane? Mutum nawa ke wucewa ta gaban shagonka kullum, nawa ne ke ciro kuɗi?

Wannan waƙar ta yawan jama'a da ita aka tallata Jumia, shi ma kamfanin saye da sayarwa ta intanet ne. An kafa shi a Legas a 2012, a Afrilun 2019 ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a kan dalar Amurka 14.50, cikin 'yan makonni ya haura 40. A Nuwamban shekarar nan ya rufe harkarsa a nan Kamaru, zuwa Maris 2020 hannun jarin ya faɗo ƙasa da dala 3. Kuma ba don mutane sun daina riƙe waya ba ne. Ka lissafa da kanka, takalmi ɗaya ya taso daga Duwala, jirgin ƙasa ya tsaya a Ngaundere, mota ta ɗauko zuwa Garwa, mai moto ya sha yawo a unguwa yana neman gida babu lamba, ya samu mai shi ya juya takalmin ya ce a'a ba kalar da ya gani a waya ba ce, ya fasa. Wa zai biya kuɗin man? Kamfani. In haka cinikin yake toh ƙaruwar kwastoma ƙaruwar asara ce.

Za a ce maka Amazon fa, babban kamfanin nan na Amurka mai irin wannan harkar? Eh ya tsira, amma bayan rugujewar hannun jarin kamfanonin intanet a shekarar 2000 hannun jarinsa ya zube da fiye da kashi 90 cikin ɗari, an ɗau shekaru kafin ya dawo. Kai kuma kuɗinka na jujjuyawa ne, kafin sallah kana buƙatarsa a kaya. Ga kuma namu na gida, a Cadi an toshe su WhatsApp da Facebook daga Maris 2018 har Yulin 2019, wanda kasuwarsa ke kan waya haka ya zauna.

Na san wani mai harkar shanu a Marwa da ya sayar da bijimai 8 ya zuba a irin wannan. Ya zo yana nuna min lamba tana hawa a fuskar wayarsa, na ce nawa kamfanin ya sayar bara, ya yi shiru. Ranar da ya tashi aurar da 'yarsa ya nemi mai sayen hannun jarin ya rasa, har yau abin na cina.

Ban ce ɗan ƙanwarka macuci ba ne, ƙila shi ma zaƙin baki aka yi masa. Ka ce ya kawo lissafin shekara 2 a rubuce, nawa ya shigo nawa ya fita, nawa ke saura a kan kowane kaya bayan an cire kuɗin kaiwa. A nuna maka ko hukumar COSUMAF, mai sa ido kan kasuwar hannun jari a yankinmu na Afirka ta Tsakiya, ta san da sayar da hannun jarin, da sunan da za a rubuta a takarda, naka ko nasa. In ya kawo ka turo min mu duba tare, kafin nan miliyan 3 ɗin ka sa a atamfar sallah.