Dalilin da ya sa farin igiyar LED ke komawa ja a ƙarshenta

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ka jona igiya uku ta fitilar LED mai launuka, kowace mita 5, ɗaya a wutsiyar ɗaya, a kan adafta guda, kuma idan ka zaɓi fari a rimot sai farkon ya yi fari tas, ƙarshen kuwa ya dusashe ya koma jaja-jaja, har kana tunanin sayen sitabilaiza saboda wutar unguwarku ba ta da ƙarfi. Na daɗe ina ɗaura waɗannan fitilu a shaguna da ɗakunan taro, kuma shawarata ita ce ka dakata da sayen sitabilaizar tukuna.

Ka fara duba rubutun da ke jikin adaftar. Yawancinsu suna karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, saboda haka ko wutar NEPA ta sauko daga 230 zuwa 180, bolt 12 ɗin da suke fitarwa ba ya motsawa. Masu akwatin ƙarfe da maɓallin zaɓen 110 ko 220 ne kan gaza idan wuta ta yi ƙasa sosai, kuma su alamarsu ita ce igiyar gaba ɗaya ta riƙa ƙiftawa, ba ƙarshenta kaɗai ba.

Abin da kake gani yana faruwa ne a cikin igiyar kanta. Layin jan ƙarfen da ke jikinta siriri ne ƙwarai, kuma duk wutar da mita ta 15 za ta sha sai ta bi ta mita ta farko, tana raguwa a hanya kamar ruwan famfo a gidan da ke ƙarshen layi. An jera ƙwayoyin fitilar uku-uku tare da resisto, wato ɗan abin da ke iyakance wutar da ke bi ta cikinsu, shi ya sa ake yankawa a kan alamar da ke bayan kowace ƙwaya uku. Ja yana kamawa da kusan bolt 2, kore da shuɗi kuwa sai da kusan bolt 3. Ke nan ƙwaya uku na ja suna cin bolt 6 su bar rarar 6, alhali na shuɗi suna cin sama da 9 su bar rarar da ba ta kai 3 ba, kuma wannan rarar ce ke ƙayyade ƙarfin hasken kowane launi. Idan wutar ta sauka zuwa bolt 10.5 a ƙarshen igiya, ja zai ci gaba da haske da kusan kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa, amma kore da shuɗi sai su faɗi ƙasa da rabi, farin ya rinjaya zuwa ja. Ka sa mitar awon wuta ka auna farko da ƙarshe fitila tana kan fari, za ka gani da idonka.

Sai lissafin adafta. Igiya mai irin ƙwayar da ake kira 5050, guda 60 a kowace mita, an ƙiyasta tana cin wat 14.4 a mita idan launuka uku suna kunne, wato wat 72 ko amfiya 6 a kowane nadi na mita 5. Naka uku suna iya neman amfiya 18, kuma ni ina ƙara aƙalla kashi 20 cikin 100 a kai don kada adaftar ta riƙa aiki a iyakar ƙarfinta cikin zafin bazara. Ƙaramar kwantirolar nan, wato akwatin da ke sarrafa launi, mai rimot ɗin maɓalli 44 yawanci amfiya 6 ce iyakarta, biyu ga kowane launi, don haka nadi ɗaya aka yi ta dominsa.

Gyaran shi ne ka raba jonin. Kowane nadi ya samu wayarsa kai tsaye daga tushen wuta, sannan ka sa amfilifayar RGB, wato ta ja da kore da shuɗi, a gaban nadi na biyu da na uku, wadda za ta karɓi umarnin launi daga kwantirola ta kuma ɗebi wuta daga adafta. A nan ne mutane ke yin tsumulmular da ke ɓata aiki: waya mai kaurin sikwaya milimita 0.5, idan tazarar ta kai mita 10 zuwa da kuma 10 dawowa, za ta cinye kusan bolt 4 a amfiya 6 kafin wutar ta isa fitila. Ka nemi 1.5 ko 2.5 ta jan ƙarfe na gaske, domin akwai ta alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a kasuwa, kuma ka fi kaurara wayar da ke da alamar tarawa, tunda ita ke ɗauke da wutar launuka ukun a haɗe. Liƙi da dalma ya fi mini waɗannan maƙalan roba, waɗanda kan saki har launi ɗaya ya ɗauke. Ka sa fiyus a kowane reshe.

Idan kana shirin mayar da su kan batirin sola, kada ka jona kai tsaye. Batirin da ake kira na bolt 12 yana kai wa 14.4 lokacin caji, kuma bisa lissafin rarar da na yi a sama, wutar da ke bi ta shuɗi da kore tana kusan ninkawa, ƙwayoyin su yi zafi su mutu da wuri. Wurin da na'urar daidaita wuta ke da amfani ke nan: ƙaramar kwanbata mai ɗagawa da saukewa, wadda ke fitar da bolt 12 tsayayye ko batir ya cika ko ya yi ƙasa.

Da sabon aiki ne, da na ce ka sayi mai bolt 24, domin rabin amfiya take ja a kan haske iri ɗaya, kuma ana iya kai ta mita 10 ba tare da launi ya gurɓata sosai ba. Sannan idan atamfa ko shadda kake sayarwa, farin da ake haɗawa daga ja da kore da shuɗi yana sauya kamannin yadi a idon mai saye, don haka ka nemi igiya mai ƙwayar fari ta daban, wadda ake rubuta wa RGBW, tare da kwantirolarta mai waya biyar.